Abin da Babu Shi a Littafi na Tara

Safiya da Mustafa, wannan babin naku ne ku biyu, amma ke Safiya kin fi haƙƙi a kansa. A baya na ba ku labarin dillancin babura a Funtuwa, da shekarun da na yi ina jan tasi a Washington, da yadda na samu filin motocin nan na garin Laurel na fara sayen motoci ina turawa gida. Waɗannan ban ji nauyin faɗarsu ba, don a cikinsu duka ni ne mai wayo. Wannan ba haka yake ba. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Ummanku, shekara huɗu kuma ke nan akwai magana ɗaya a tsaye tsakanina da ke. Ita ta ce miki ta gaya mini ba ta da lafiya kafin in tafi Kwatano. Ni na rantse miki ba ta gaya mini ba. Kin zaɓi wanda za ki gaskata, ban kuma ga laifinki ba. Ba ki taɓa fasa gaishe ni ba, kowace Juma'a wayarki tana shigowa, kina aiko abinci daga Fort Washington. Gaisuwa tana nan. Hira ce ta mutu. Na gwada in faɗa miki wannan da baki sau biyu, bakin bai yarda ba, shi ya sa na rubuta.

Sai na fara da kwalin. Duk motar da na saya a gwanjo, kafin a wanke ta ina kwashe abin da masu ita suka bari: lema, takalmin yara, tabarau, wani lokaci har haƙoran roba. Dokar Ummanku ce kada a zubar da komai sai ta gani. Wata rana na sayi motar wata tsohuwa da ta rasu, na buɗe but ɗin bayanta na tarar da kwali cike da littattafai goma sha huɗu, duk iri ɗaya, bangonsu da zanen mace da namiji cikin kayan Turawan da. Ni da karatun Turanci kun san iyakarmu: takardar mota, lambar inji, wasiƙar hukuma. Ita kuwa ta koyar da Turanci a firamare a Katsina kafin ta biyo ni nan ta koma kula da tsofaffi a gidajensu. Ta ɗauki na farko ta duba, ta ce a kai mata kwalin ɗaki. Bayan kwana uku na ji ta a kicin tana dariya ita kaɗai.

Littattafan na binciken kisa ne, amma ba irin masu hana mutum cin abinci ba. A wani ƙaramin gari ne na bakin teku a Ingila, shekara ɗari da suka wuce. Wasu mata da miji ne ke binciken. Mijin mai gyaran agogo ne, matar kuma ta taɓa aiki a gidan waya, don haka ta san rubutun hannun kowa a garin. Babu ɗan sanda a cikinsu, karambani ne kawai. A tsinci gawar wani attajiri a lambu, ɗan sandan garin ya kama marar laifi, su biyun nan su bi gida gida suna shan shayi suna tambaya har su gano mai laifin. Ummanku ba ta taɓa wahalar da ni da sunayensu na Turanci ba. Ta raɗa wa mijin Mai Agogo, matar kuma 'Yar Gidan Waya.

Kowace Alhamis ina zuwa gwanjon motoci a Pennsylvania, awa biyu zuwa, awa biyu dawowa. Bayan kun girma kun bar gida, sai ta mai da Alhamis ranar hutunta ta riƙa raka ni. Takan karanta babi uku ko huɗu cikin mako, mu hau hanya bayan sallar asuba, ta zuba mini shayi daga fulas, littafin yana kan cinyarta a rufe, ta ba ni labarin da Hausa. Ba fassara take yi ba, mai da su namu take yi. Ɗan sandan da Sakkwatanci yake magana. Bazawarar attajirin kuwa sak wata Hajiya ce da muka sani a Kano, har yadda take jan tsaki.

"Su waɗannan mutane," na ce mata wata rana, "an kashe mutum a lambunsu, su kuma shayi suke ɗorawa?"

"To kai da aka sace maka mota biyu a fili me ka yi? Ba tuwo ka ce in ƙara maka ba?"

"Wannan daban. Tunani nake yi."

"Su ma tunanin suke yi, Sarkin Dillalai. Nasu da madara ne kawai."

Muna da ƙa'ida. In saura babi ɗaya, sai ta tsaya, kowa ya faɗi wanda yake zargi, ita ma ba ta karanta ƙarshen ba tukuna. Wanda ya faɗi, shi zai dafa shayin gida mako guda. Cikin littafi takwas na ci biyar, kuma ban ɓoye mata sirrina ba, don sirrin sana'ata ne. Motar da ambaliya ta ci, masu sayarwa sukan wanke ta, su sauya kafet, su fesa turare, ta fi kowace mota a layin sheƙi. Sabon shiga ita yake fara nufa. Ni kuwa in na ga mota ta cika tsabta sai in buɗe ƙofa in kama bel ɗin kujera in ja shi har ƙarshensa. Kowa yana wanke inda ido ke gani, ba wanda ke tunawa da ƙarshen bel, can za ka ga layin da ruwa ya bari. Haka nake yi wa mutanen littafin. Wanda ya fi kowa ladabi, wanda ba a taɓa jin kansa da mamacin ba, shi nake nunawa. Takan ce da ni:

"Kai da an haife ka a garin nan, da Mai Agogo ya rasa aikin yi."

Ina jin daɗin wannan maganar fiye da yadda ya kamata.

Shekarar da nake son ba ku labari, mun shiga littafi na tara ne a ƙarshen bazarar nan tasu, lokacin da ganye ya fara ja. A daidai lokacin motocina goma sha biyu suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Wanda ke fitar mini da kaya ya rasu, ƙanena da na wakilta ya kasa gane kan takardun, kowace rana sai ya kira da sabon labari. Na yanke shawarar in je da kaina, mako shida. Na faɗa wa Ummanku, ta ce Allah ya sa a dace. Yanzu zan lissafa muku abin da idona ya gani a waɗannan makonni, don kada ku ce na rage. Na ga ta daina cin komai a hanya. Da can ita ke tsayar da ni a wani shago mu sayi dankali soyayye, sai ta ce ta fara azumin Litinin da Alhamis. Na ce madalla. Na ga zoben da na saya mata a Makka ya tashi daga yatsan da yake ya koma na tsakiya. Na gan ta a kan keken ɗinki tana rage rigunanta, na ce ashe an koma yayin matsattsu, ta yi dariya. Na ga Rifkatu, maƙwabciyarmu nas ɗin nan 'yar Pankshin, ta zo ta ɗauke ta a mota da safe har sau uku, aka ce mini kasuwa. Kuma a lokacin ne ta fi kowane lokaci kwalliya. Kullum da kwalli, kullum da turare, gida fes. Ni da nake tsoron mota in ta cika sheƙi.

Alhamis ta ƙarshe kafin tafiyata, mun wuce Baltimore rana tana fitowa, ta ci gaba da labarin. An kashe wani mai otal, ana zargin mai dafa abincinsa. Amma ranar ba ta daɗe a kan kisan ba. Ta ce 'Yar Gidan Waya ba ta jin daɗin jikinta, ta shiga jirgin ƙasa ta je wani gari ta ga likita a ɓoye, likitan ya gaya mata abin da ya gaya mata. Ta dawo ba ta faɗa wa mijin ba. Ta daina cin abinci, zobe ya yi mata yawa. Shi kuma Mai Agogo ga shi an aiko masa daga babban birni, agogon wata hasumiya ya tsaya, ana so ya je ya yi mako shida yana gyara, aikin da ya daɗe yana mafarki.

"To me ya hana ta faɗa masa?" na tambaya.

"Tana ganin mutumin da ya gano mai kisa takwas ba sai an faɗa masa abin da ke cikin ɗakinsa ba."

"Shirme. Mutum ba boka ba ne."

Muka wuce wata babbar mota. Sannan ta ce, tana kallon gaba:

"Kai da kai ne Mai Agogo, za ka tafi?"

Ga amsar da na ba ta, kalma da kalma, don na maimaita ta a raina fiye da yadda na maimaita kowace magana a duniya.

"Tafiya kai. Ciwo na Allah ne, zamansa a gida ba zai warkar da ita ba. Kuma macen da za ta bari sai arziki ya kira mijinta sannan ta kwanta ta ɗaure masa ƙafa, wannan ba sonsa take yi ba, son kanta take yi. In tana da hankali ta bar shi ya je ya dawo."

Ta ce, "Haka ne." Ta zuba mini sauran shayin. Na tambaye ta mai dafa abincin fa, ta ce sai na dawo. A gwanjon ranar na ƙi wata jar mota da kowa ke rububi a kanta, na ja bel na nuna wa wani yaro ɗan Gana layin ruwa, na dawo mota ina ba ta labari ina yabon kaina. Ta saurare ni har gida.

Mako shida ya zama tara. Kullum muna waya, kullum lafiya lau, sai dai ta ce kyamarar wayarta ta lalace. Ranar da mota ta goma ta fito, Rifkatu ta kira ni. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Alhaji, ta sa na yi alkawari ba zan faɗa ba, yau na karya. Ka bar motocin nan ka dawo."

Sauran kun sani, kuna wurin. Ciwon daji ne a ciki, ya riga ya bazu tun kafin a gano shi. Likitan ya ce mini ko da ina nan ba abin da zai sauya, na kuma yarda da shi, ni ba mai yaudarar kaina ba ne ta kowane gefe. Ba ranta tafiyata ta ci ba. Mako tara ta ci, daga cikin goma sha biyun da suka rage mata. Kwana goma sha tara na samu. A cikinsu na tambaye ta sau ɗaya me ya sa ta ɓoye mini, ta dube ni da idon nan nata na mai jiran ɗalibi ya gano amsa da kansa, ta ce in gyara mata matashi. Ban sake tambaya ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Kwana uku da binne ta, da la'asar, mata sun watse, ke Safiya kina kicin kina juye sauran abinci a robobi. Na shigo neman ruwa. Kika yi mini magana da Hausa, abin da ba ki cika yi ba, don haka na san kin shirya ta.

"Baba, na tambayi Umma a asibiti ko ka san ba ta da lafiya ka tafi. Ta ce ta gaya maka. Ta ce ka ba ta amsa."

"Wallahi tallahi ba ta gaya mini ba."

Kika rufe robar, kika koma Turanci, kika ce to ɗayanmu ya yi ƙarya, kuma mutum ba ya ƙarya a kan gadon mutuwarsa. Kika ɗauki jakarki. Mustafa, kai kana bakin ƙofa da makullin mota, har yau ba ka taɓa tayar da maganar ba. Ni kuma na tsaya a kan gaskiyata. A raina na ce magungunan da ake ba ta ne suka rikita ta. Shekara biyu ina kan wannan.

Gidan nan kun san girmansa. Mun saye shi don mutum huɗu. Na koma kwana a falo, na rufe ɗakunan sama don kada in riƙa ɗumama inda ba kowa. Ina jin jirgin ƙasa na safe yana wucewa da masu aiki a Washington, in ji na yamma yana dawo da su, tsakaninsu in ba mai sayen mota ya zo ba, ba na buɗe baki sai a sallah. Mutanenmu na masallaci sun yi ƙoƙari, likitoci ne da injiniyoyi, mutanen kirki, kowa da aikinsa. Har aure aka kawo mini sau biyu, na ce a bar ni. Alhamis ce ta fi wuya. Na gwada rediyo, na gwada karatun Alƙur'ani, na gwada shiru. Awa huɗu a hanya, ga fulas ɗin, ba mai zubawa.

A sanyin shekara ta biyu dusar ƙanƙara ta rufe filin, mako guda ba wanda ya leƙo. Ina zaune a ofishina, ɗan kwantenan nan mai hita, sai na kama kaina ina tunanin 'Yar Gidan Waya. Ba Ummanku ba, ita matar littafin. Ta warke ko ba ta warke ba? Mai Agogo ya tafi? Ko a lokacin, ku lura, ban haɗa komai ba. Na ɗauka dai wani ikon Allah ne labarin ya yi kama da namu, har na ce wataƙila shi ya sa ta kasa ƙarasa shi. Na je gida na ɗauko littafi na tara daga durowar gefen gadonta, na sa tabarau, na fara daga shafin farko da yatsa a ƙarƙashin layi. Kalmar da ta gagare ni in buga ta a waya. Ranar farko shafi biyu na yi, kaina ya yi ciwo. Ina da shekara sittin da bakwai, wannan ne littafin labari na farko da na karanta a rayuwata. Wata biyar ya ɗauke ni.

Na sami mai otal ɗin da aka kashe. Na sami mai dafa abincin. Ɗan sandan ba ya Sakkwatanci, kuma bai kai nata ban dariya ba. Ina tafiya ina jiran jirgin ƙasa da likita. Na wuce rabi, babu. 'Yar Gidan Waya lafiyarta ƙalau, a babi ɗaya ma kek uku ta cinye a gidan limamin coci. Na ce ko na tsallake ne, na koma baya na sake bi. Na kai ƙarshe, aka kama ƙanin mai otal ɗin, wanda ya fi kowa ladabi. Babu ciwo, babu zobe, babu agogon hasumiya. Mai Agogo bai taɓa fita daga garin ba ko na kwana ɗaya.

Abin da ke akwai shi ne fensir. Tun a farko na riƙa ganin wata 'yar kalma a gefen shafi da rubutunta, ƙanana, irin na malaman firamare. Na ɗauka alamar inda ta tsaya ce. Da na gama na koma na duba su. A shafi na arba'in da ɗaya ta rubuta "nan", ta soke. A na saba'in da shida, "nan", ta soke. Alhamis biyu ke nan da ta shirya ta fasa. A na ɗari da goma sha biyu, "nan", ba a soke ba. A ƙarƙashinsa, da fensir ɗin da ya fi kaifi, wato an rubuta daga baya, kalma biyu: "Ya amsa."

Na rufe ofis ranar da azahar, na zauna a mota ban tayar ba. Wani ya zo yana ƙwanƙwasa gilashi yana tambayar farashin wata farar mota, na ce masa an sayar.

Ni ɗan kasuwa ne, ba na yanke hukunci da shaida ɗaya. Na ɗauko sauran takwas ɗin, na bi su ɗaya bayan ɗaya, shekara ɗaya da rabi. Karatun ya riƙa sauri. Kusan kowanne akwai "nan" a ciki. A na uku ta ba ni labarin Mai Agogo yana fama da ciwon kai yana ƙin ganin likita har ya faɗi a kan tsani, na ce wannan wawa ne, mako na gaba na je asibiti aka gano hawan jinina. Babu wannan a littafin. A na biyar Mai Agogo ya yi fushi da ƙaninsa shekara biyu, na ce girma ya faɗi, na dawo gida na kira baffanku. Babu shi. Na shida kuwa naki ne, Safiya. Kin tuna lokacin da kika kawo Idris na ce ban san asalinsa ba, Bahaushen Kumasi ne, ba ni da wanda zan aika ya bincika? Wata uku ina taurin kai. A watannin nan 'yar Mai Agogo ta kawo wani saurayi daga wani gari, mai gyaran jirgin ruwa, uban ya ƙi. Na tuna abin da na ce a hanya:

"Shi wannan tsoho, yaro yana da sana'a, yana da ladabi, yarinya tana so. Garinsu zai aura ko shi?"

"Ni ma abin da na gani ke nan," in ji ta. "Amma ka san maza."

Mai Agogo da matarsa ba su da ɗa ko ɗaya a littattafan nan. Kyanwa gare su.

Na yi dariya ranar da na gano wannan, ni kaɗai a kwantena, har hawaye, daga nan dariyar ta koma abin da ta koma. Ku da kuka tashi a nan za ku ce me ya hana ta buɗe baki kawai. Ummanku ta tashi a gidan da mace ba ta kiran sunan mijinta. Shekara talatin da takwas ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ke kanki, da yake ke ce ta fari, ba ta taɓa ce miki Safiya ba, sai "'yar nan", kin sha yi mata ƙorafi kina yarinya. Mace irin wannan ba za ta zaunar da ni ta ce Alhaji ka yi kuskure ba, balle ta ce ina tsoro, zauna tare da ni. Ta nemi hanya ta samu a but ɗin motar wata tsohuwa. Ta gwada hanyar sau da yawa, kowane karo na ji, na gyara, ina ganin dabarata ce. Don haka da ta ce miki ta gaya mini, ba magani ne ya rikita ta ba. Ta faɗa da yaren da muka shekara muna magana da shi, wanda bai taɓa ba ta kunya ba. Ta ma fi kowane karo fitowa fili, har da zobe, har da mako shida. Ta yi tambaya, na ba da amsa, ta bi amsar. Ta bar ni na je na dawo, kamar yadda na ce mace mai hankali za ta yi.

Na kai maganar rantsuwata wurin malam. Ya ce wanda ya rantse a kan abin da yake ganin gaskiya ne babu kaffara a kansa. Na gode masa, na yi azumi uku duk da haka. Ban san ciwonta ba lokacin da na hau jirgi, wannan gaskiya ne, a kansa zan tashi gaban Allah. Amma ba shi kika tambaye ni ba. Cewa kika yi ta gaya mini, na ce ba ta gaya mini ba. Na janye. Uwarku ba ta yi ƙarya ba. Ta gaya mini a kan hanya, bayan Baltimore, da shayi a hannuna.

Ba na neman ki ce ba komai, don akwai komai. Na sa littafi na tara a cikin ambulan ɗaya da waɗannan takardu, na naɗe kusurwar shafin. Kin san rubutunta, ita ta koya miki riƙe fensir. Na shidan ma na haɗa, ki nuna wa Idris, ya san wa ya yi masa waliyyi.

Saura littafi biyar a kwalin, na goma zuwa na sha huɗu. Na duba gefen shafukansu, farare ne, ba ta kai gare su ba. Yanzu zan iya karanta su da kaina, amma na fara na goma na ajiye. Mutanen ciki Turanci kawai suke yi, kuma ba wanda zan faɗa wa wanda nake zargi. Har yanzu ina zuwa gwanjo ranar Alhamis. Ina tashi bayan asuba, ina cika fulas ɗin, kofi biyu ne a murfinsa. Ba sai kin iya Sakkwatanci ba.